Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara

Mutum biyu su kan sayi keke rana ɗaya, a kanti ɗaya, da kuɗi ɗaya. Na fari in sarƙa ta zame masa, sai ya tura keken zuwa gindin itacen mai gyara, ya zauna yana jira, kome aka yanka masa ya biya. Na biyu kuwa tun makon farko ya nemi sufana, ya kwance ƙafa, ya ga yadda kowane noti ya ke zaune, ya mayar. Dukansu biyu suna riƙe da rasit, amma in an bi gaskiya na biyun shi ne mai keke. Na farin kamar aro ya ke hawa.

To, haka al'amarin kwamfuta ya ke. Yawancin mutane su kan saye ta a rufe, su yi aiki da ita a rufe, ran da ta ƙi tashi su jefar ko su kai wa mai gyara. Amma a ƙasashe da yawa akwai waɗansu mutane da ba su yarda da haka ba. Su kan sayi gaɓoɓinta ɗaya ɗaya su harhaɗa da hannunsu, in wata gaɓa ta tsufa su cire su sa sabuwa, sa'an nan su ɗora mata wata manhaja da a ke kira Linux. Ba wanda ya sa su, ba kuwa wanda ya ke biyansu, sha'awa ce kurum. Wanda ya ke so ya fahimci irin waɗannan mutane, sai ya ji labarin mutumin da aka sa wa manhajar sunansa, gama shi ma da sha'awa ya fara.

Sunansa Linus Torvalds. An haife shi ran 28 ga Disamba 1969 a Helsinki, babban birnin Finlan, can arewacin Turai. Ƙasa ce mai tsananin sanyi. A tsakiyar hunturunsu rana ba ta kan kai sa'a 6 a sama, a tsakiyar bazararsu kuwa ta kan yi kusan sa'a 19 ba ta faɗi ba. Kakansa na wajen uwa, Leo Törnqvist, shehun malamin ƙididdiga ne a Jami'ar Helsinki. Tsohon ya sayi wata 'yar ƙaramar kwamfuta mai suna Commodore VIC-20, wadda abin da ta ke iya riƙe wa mai ita bai fi haruffa 3,500 da 'yan kai ba. Ya kan rubuta lissafinsa a takarda, ya zaunar da jikan, yana da shekara 11 ko kusan haka, ya ce ya buga masa. Tun yaron bai san ma'anar abin da ya ke bugawa ba har ya fara ganewa. Da kakan ya rasu a 1983, sai na'urar ta zama tasa.

A 1987 ya tara 'yan kuɗinsa ya sayi wata, ƙirar Ingila, mai suna Sinclair QL. A nan ya fara ɗanɗana ɗacin kayan da aka rufe. Kome ya ke bukata sai ya rubuta takarda Ingila ya jira gidan waya. Da ya gaji da jira, sai ya riƙa rubuta manhajojin da ya ke so da kansa. Yana cikin haka ya tarar da kurakurai a babbar manhajar na'urar, amma an ƙera ta ta yadda ba ta canzuwa. Ga kuskure yana gani ƙuru-ƙuru, ga shi ya san maganinsa, amma ba hanyar sa hannu. Da kuɗinsa ya saya, amma ikon yana hannun waɗanda suka ƙera.

Kafin a ci gaba, ya kamata mai karatu ya san abin da ke cikin akwatin nan, gama ba shi da yawa kamar yadda a ke tsammani. Akwai furosesa, watau ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi duka, girmanta bai kai tafin hannu ba. Akwai ram, wadda ta ke kamar tabarmar mai sana'a: a kanta a ke baza aikin da a ke yi yanzu, da an kashe wuta kuwa sai a naɗe ta, kome ya gushe. Akwai rumbun ajiya, inda takardu da hotuna su ke kwana ko da ba wuta. Akwai akwatin wuta, wanda ke karɓar lantarkin bango ya sassauta ƙarfinsa ya rarraba. Sa'an nan akwai uwar allo, wani faffaɗan faranti mai ramummuka da siraran hanyoyi, wanda sauran duka su ke zama a kansa. Sai kuma fanka, domin furosesa ta kan yi zafi ƙwarai in tana aiki.

Amma waɗannan duka ƙarfe ne da roba, ba su san juna ba sai da babbar manhaja. Ita ce kamar sarkin kasuwa. Ita ke ba kowane aiki rumfarsa a cikin ram, ita ke cewa wane ya shiga wajen furosesa yanzu, wane ya dakata, ita ke sanin inda aka ajiye kowace takarda a rumbu. Windows babbar manhaja ce, Linux ma haka.

Dalilin da ya sa mutum ya ke iya sayen gaɓoɓin nan daga kamfanoni dabam dabam su kuma dace da juna, tarihi ne ya kawo shi. A watan Agusta 1981 kamfanin IBM na Amurka ya fito da kwamfutarsa ta tebur. Da ya ke cikin hanzari aka yi ta, bai tsaya ƙera kome da kome da kansa ba. Ya ɗauki furosesa daga Intel, ya ɗauki babbar manhaja daga Microsoft, har ya buga littafin da ya bayyana yadda aka shirya cikinta. Ba a daɗe ba waɗansu kamfanoni suka shiga ƙera irinta, da gaɓoɓin da za su shige ta. A 1995 kuma Intel ya fito da wani ma'auni mai suna ATX, wanda ya tsayar da girman uwar allo da wuraren ramukan notinta. Har yau da shi a ke aiki.

Linus ya shiga Jami'ar Helsinki a 1988, ya katse ya yi aikin soja na tilas wata 11, ya komo karatu a 1990. A nan ya gamu da Unix, wata babbar manhaja da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a Amurka a 1969. Tsarinta ya shiga ransa, amma kuɗinta ya fi ƙarfin ɗalibi. Sai dai akwai wata 'yar ƙarama mai kama da ita, MINIX, wadda wani shehun malami a Amsterdam ta ƙasar Holan, Andrew Tanenbaum, ya rubuta domin koyar da ɗalibai. Ita kuwa an fara rubuta ta ne domin kwamfuta irin ta IBM.

A farkon watan Janairu 1991 Linus ya tafi wani ƙaramin kanti inda a ke harhaɗa kwamfuta yadda mai saye ya zaɓa. Ya zaɓi furosesa Intel 80386, da ram megabait 4, da rumbu mai cin megabait 40. Akwati ne mara suna, mara ado. Kuɗinsa ya kai kimanin dala 3,500, shi kuwa ba shi da su. Ya ba da abin da ke hannunsa, sauran aka rubuta masa bashi, zai riƙa biya wata wata har shekara 3. Ɗalibi ne, ba albashi, yana zaune a gidan mahaifiyarsa. Da ya kai na'urar gida, faifan MINIX da ya aika a kawo masa ba su iso ba tukuna, saboda haka ya yi wajen wata guda ba abin da ya ke yi da ita sai wasa.

Da MINIX ta iso, ya ga akwai wuraren da ba ta gamshe shi ba, musamman wajen kiran babbar kwamfutar jami'a ta wayar tarho domin ya karanta wasiƙunsa. Sai ya ce bari ya rubuta abin kiran da kansa, ta haka kuma ya koyi halin sabuwar furosesarsa. Gwajinsa na fari shi ne ya sa na'urar ta yi aiki biyu a lokaci guda, ɗaya yana rubuta harafin A a fuskar kwamfuta, ɗaya yana rubuta B, suna karɓa-karɓa. Ya kira ƙanwarsa da murna ta zo ta gani. Ta duba, ba ta ga abin murna ba, ta tafi abinta. Ba laifinta ba ne. Wa zai dubi haruffa biyu ya ce ga harsashin babban gini?

Daga nan bukata ta riƙa haifar bukata. Yana so ya ajiye abin da ya ɗauko daga jami'a, sai ya rubuta abin da zai yi magana da rumbu. Yana so ya san inda kowace takarda ta ke, sai ya rubuta tsarin ajiya. Bazarar 1991 duka ya yi ta a ɗaki, ya ja baƙin labule ya tare rana, mutanen gari suna waje suna shan hasken da suka yi wata da watanni suna jira. Kamar wasa, sai ya ga abin da ke hannunsa ya wuce abin kiran waya, ya zama ƙwayar babbar manhaja.

Ran 25 ga Agusta 1991 ya aika wa masu aiki da MINIX saƙo ta intanet, ya shaida musu abin da ya ke yi. Ya ce sha'awa ce kawai, ba zai zama wani babban abu irin na ƙwararru ba. Ran 17 ga Satumba aka sa fitowar farko inda kowa zai iya ɗauka, layin rubutunta dubu 10 da 'yan kai. Shi sunan da ya so ya ba ta Freax ne, amma Ari Lemmke, wanda ke lura da ma'ajiyar da aka sa ta, bai so sunan ba, ya rubuta Linux. Sunan ya bi ta.

Ana nan sai tsautsayi ya faɗa masa. Wata rana ya tashi kiran jami'a, ya yi kuskuren rubuta suna, maimakon ya aika wa wayar tarho umurni sai ya aika wa rumbunsa. Nan take ya lalata sashen da MINIX ta ke zaune. Hanya biyu ta rage masa: ko ya sake ɗora MINIX daga fari, ko ya dogara ga 'yar manhajarsa da ba ta gama tsayawa da ƙafafunta ba. Ya zaɓi ta biyu. Tun daga ran nan duk abin da ya ga babu, tilas ya zauna ya rubuta shi, gama ba shi da wurin gudu.

Ƙwaya kaɗai ba ta isa aiki, kamar yadda sarkin kasuwa ba ya cin kasuwa shi kaɗai. Amma tun 1983 wani Ba'amurke, Richard Stallman, ya kafa wani aiki mai suna GNU, shi da abokansa suna ta rubuta kayan aikin babbar manhaja wadda kowa zai mallaka. Sun gama da yawa, ƙwaya ce ba su kammala ba. Da aka haɗa kayansu da ƙwayar Linus, sai abu ya tashi. A farkon 1992 Linus ya sa Linux a ƙarƙashin sharaɗinsu mai suna GPL. Ma'anar sharaɗin ita ce, kowa yana da iko ya ɗauka, ya karanta asalin rubutun, ya gyara, ya ba wani, ko ma ya sayar. Amma in ya rarraba abin da ya gyara, wajibi ne ya bayyana gyaran, kada ya rufe ƙofar da ya tarar a buɗe. Yaron da aka hana shi gyara na'urarsa a 1987, ga shi ya ɗaure kansa da alkawarin ba zai hana kowa ba.

Ba kowa ne ya yaba ba. A Janairu 1992 Tanenbaum da kansa, wanda daga littafinsa Linus ya koyi sana'ar, ya fito fili ya ce tsarin Linux tsohon yayi ne. Suka yi muhawara mai zafi. Amma mutane suka ci gaba da ɗauka, wannan ya gyara nan ya aiko, wancan ya ƙara can ya aiko. Waɗansu suka tambaye shi nawa za su biya, ya ce ba ya son kuɗi, su aiko masa da katin gidan waya mai hoton garinsu. Katuna suka riƙa zuwa daga ƙasashe masu nisa. Bashin kwamfuta kuwa yana nan a wuyansa, sai wani daga cikin masu taimakon, Peter Anvin, ya shirya karo-karo, mutanen da yawancinsu ba su taɓa ganinsa ba suka biya masa sauran. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A watan Maris 1994 aka fito da Linux 1.0, layinta ya haura dubu 176.

Abin da ya biyo baya ya wuce zaton kowa. Ƙungiyoyi da kamfanoni suka riƙa haɗa ƙwayar da sauran kayan aiki su shirya ta yadda mutum zai ɗora ba wuya. Debian ta fito a 1993, Ubuntu ta fito a 2004 ta hannun Mark Shuttleworth, mutumin Afirka ta Kudu, Linux Mint kuma a 2006. A 2008 aka fara sayar da wayoyin Android, waɗanda ƙwayar Linux ce a cikinsu. Ashe duk mai irin wannan waya a aljihu yana yawo da jikar aikin ɗakin nan mai baƙin labule. A watan Nuwamba 2017 aka duba jerin kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya, aka tarar dukansu da Linux su ke aiki.

Linus ya ƙaura Amurka a 1997, ya yi suna, ya sami lambobin girma, amma bai bar sukudireba ba. A watan Mayu 2020 ya harhaɗa wa kansa sabuwar kwamfuta da furosesar kamfanin AMD mai ƙwaƙwalwa 32 a cikinta, da ram gigabait 64, watau fiye da ninki dubu 16 na abin da ya fara da shi. Ya ce gwajin da ya ke yi wa Linux ya ƙara sauri ninki 3. Abin da ya fi kula da shi wajen zaɓen fanka da akwati shi ne kada su yi ƙara, gama ba ya son hayaniya in yana aiki.

A Oktoba 2022 na'urar nan ta fara tsayawa haka kawai. Da fari ya zaci sabon kuskure ne ya shiga manhajarsa. Bai yi gaggawar ɗora wa kowa laifi ba. Ya koma kan tsohuwar fitowa wadda ya tabbata lafiyayya ce, ya ga cutar tana nan. Sa'an nan ya bar wata manhajar gwajin ram tana aiki dare guda, ta nuna masa sanda ɗaya ta ram ce ta lalace. Ya aika a kawo masa wata. Wanda bai san cikin akwati ba, da sai ya ce kwamfutar ta mutu.

Wannan ita ce hanyar masu wannan sha'awa duka, manya da ƙanana: a canza abu ɗaya, a gwada, a ga abin da ya faru, kana a taɓa na biyu. Ba kuwa sai mai kuɗi ba. Sau da yawa tsohuwar kwamfuta ta hannu abu uku ne ke damunta. Na ɗaya ƙarancin ram, maganinsa a ƙara sanda. Na biyu tsohon rumbu mai faifai mai juyawa, wanda in an musanya shi da sabon iri mai suna SSD, da ba abin da ke motsi a cikinsa, na'urar ta kan tashi cikin daƙiƙoƙi maimakon mintoci. Na uku ƙura, wadda ta kan toshe fanka har furosesa ta rage gudu domin kada ta ƙone. A ƙasar da hunturu ke kawo ƙura, bazara ta kawo zafi, wannan na ukun ba abin rainawa ba ne.

Amma ƙaramin sani ƙuƙumi ne, saboda haka akwai ƙa'idodi. A zare waya daga bango kafin a buɗe. A taɓa ƙarfen akwati kafin a taɓa gaɓoɓi, gama ɗan lantarkin da jiki ke tarawa, irin mai tartsatsi a riga lokacin hunturu, ya isa ya kashe ram. Kada a buɗe akwatin wuta ko kaɗan, domin ya kan riƙe wuta bayan an kashe. A tabbata gaɓa ta dace kafin a biya kuɗi: ram iri iri ce, akwai DDR3 da DDR4 da DDR5, kowace da wurin tsagarta, wata ba ta shiga ramin wata. In abu ya ƙi shiga, kada a danna da ƙarfi. Kafin a ɗora sabuwar babbar manhaja kuma, a kwafe takardu da hotuna a ajiye wani wuri dabam. Wanda ya rubuta Linux ma ya taɓa lalata rumbunsa da kuskuren 'yan haruffa, balle wanda ya fara jiya.

Linux kuwa ana iya sa ta a filash, a tayar da kwamfuta daga nan, a gwada ta ba tare da an taɓa abin da ke cikin rumbu ba. Tana zuwa da Firefox na shiga intanet da LibreOffice na rubutu da lissafi. Amfaninta ga tsofaffin na'urori ya ƙara fitowa fili ran 14 ga Oktoba 2025, sa'ad da Microsoft ya janye kulawarsa ta yau da kullum ga Windows 10, alhali Windows 11 ba ta yarda ta hau kwamfutoci da yawa waɗanda lafiyarsu ƙalau. Irin waɗannan da dama Linux ta kan karɓe su.

Duk da haka kada a ɗauka ba ta da wahala. Akwai manhajojin Windows da ba su aiki a kanta. Wani lokaci na'urar buga takarda ko abin kama intanet ya kan ƙi, sai an yi kwana biyu ana bincike da tambaya. Ɗauko ta daga intanet yana cin data. Ba kuwa kowace tsohuwa ta ke ɗauka har abada ba. A ƙarshen 2012 aka cire furosesa 80386 daga cikin waɗanda Linux ke aiki da su, Linus kuwa ya amince. Watau kwamfutar da aka haifi Linux a cikinta, Linux ta yau ba ta hawanta.

To, in haka ne, mene ne ribar mai wannan sha'awa? Ribarsa ita ce ran da na'ura ta yi shiru ba ya firgita. Ya san gaɓoɓi nawa ne a ciki, ya san wadda zai fara tuhuma, ya san abin da ya cancanci a saya da abin da ba ya bukata. Ba mai ce masa jefar da wannan ka sayi sabuwa ya yarda ba tare da ya duba ba. Linus ya ci bashin shekara 3 domin akwati mara suna, amma ba ran da aka gama biya ya zama nasa ba. Ya zama nasa tun ran da ya san abin da ke gudana a cikinsa. Abin da mutum ya saya bai san cikinsa ba, ko rasit yana aljihunsa, da sauran aro a ciki, kayan aro kuwa ba ya rufe katara.